Yadda ɗalibin jami'a zai koyar da karatu a firamaren garinsu

Duk lokacin da aka yi hutu a Jami'ar Bayero, ko ta Wudil, ko ta Ahmadu Bello a Zariya, ko kwalejin Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, motocin Kwanar Dangora da Tudun Wada sukan cika da samari da 'yan mata masu komawa gida. Wasu su sauka a Bebeji ko Kiru, wasu su wuce ta Dajin Falgore har Doguwa da Riruwai. A cikinsu akwai masu karantar Hausa da Turanci da Larabci da fannin koyarwa, kuma kusan kowace ƙaramar hukuma tana da ƙungiyar ɗalibai mai son ta yi wa garinsu wani abin kirki. Yawanci abin da ake yi shi ne lesin na hutu ga 'yan sakandare masu shirin WAEC da JAMB. Wannan yana da kyau, sai dai yaron da ke faɗuwa WAEC tun a aji uku na firamare matsalarsa ta fara, ranar da aka wuce da shi gaba bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Ina ganin ɗalibin da ke son taimakawa ya fi amfani a firamare. Kuma idan ya je, aikinsa shi ne ya yi abin da yawan yara ya hana malamin aji yi: ya zauna da yaro ɗaya ɗaya, ya saurari karatunsa da kunnensa, ya gano inda ya tsaya, ya ɗora daga nan, da Hausa, da kayan da yaron ya riga ya zo da su daga gida.

Dalilin wannan a bayyane yake ga duk wanda ya san yadda ake karatu a aji mai yara tamanin ko ɗari. Malam ya rubuta a allo, ya faɗa, yara su amsa baki ɗaya da ƙarfi har a jiyo su daga bakin hanya. Wanda ya iya da wanda bai iya ba duk murya ɗaya suke fitarwa, kuma yaro mai kaifin hadda yana iya shekara uku a haka ba a gane cewa bai san ko harafi goma ba. Rahoton da Bankin Duniya da UNESCO da UNICEF suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kashi 89 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Gwamnatin Kano ma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Abin da nake ba da shawara kuwa an riga an gwada shi a wannan jiha. A watan Oktoban 2019 hukumar SUBEB ta Kano da Ma'aikatar Ilimi da kwalejin Sa'adatu Rimi, tare da British Council da TaRL Africa, suka fara shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, domin yara fiye da 37,000 na aji huɗu zuwa shida. Cikin abubuwan da shirin ya gwada har da sa ɗalibai masu koyon aikin malanta su shiga azuzuwa su taya malamai. Tsarin ya samo asali ne daga ƙungiyar Pratham ta Indiya, kuma ƙashin bayansa shi ne a raba yara bisa abin da suka iya, a manta da ajin da aka rubuta sunansu. Abin da ya yiwu a Wudil babu abin da zai hana shi yiwuwa a Kiru, ko da babu kuɗin wata ƙungiyar waje.

Kafin komai sai an shiga ta ƙofa. Ƙungiyar ɗalibai ta rubuta takarda zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ta faɗi makarantun da take so, da sunayen waɗanda za su je, da ranakun da za su riƙa zuwa. Daga nan a je wa hedimasta, a gaishe da dagaci ko mai unguwa, a sami shugaban kwamitin al'umma mai kula da makarantar, wanda ake kira SBMC. Amma mutumin da ya fi kowa muhimmanci shi ne malamin ajin. Shi zai zauna da yaran bayan ɗalibi ya koma makaranta, kuma idan ya ji an zo nuna gazawarsa ne, aikin ya mutu tun ba a fara ba. A same shi da ladabi, a ce, "Malam, mun zo mu taya ka ne. Waɗanne yara ne suka fi ba ka wahala wajen karatu?" Zai lissafo su, domin ya san su. Ɗalibi ya guji gyara wa malami kuskure a gaban yara, ko da kuskuren a allo yake ɓaro-ɓaro.

Mako na farko na gwaji ne, kuma a nan ake gane mai haƙuri. Ɗalibi ya shirya takarda guda mai manyan haruffa, ya raba ta gida biyar: haruffa goma, gaɓoɓi goma irin su ba, ki, tsa, ƙo, kalmomi goma da yaro ke ji kullum, jimloli huɗu gajeru, sai labari na layi takwas ko goma. Jimlolin su zama na garin, misali: Audu ya je Tiga da kawunsa. Sun sayo kifi. Inna ta soya shi da man gyaɗa. Kowa ya ci ya ƙoshi. A shimfiɗa tabarma a inuwa nesa da aji, a kira yaro shi kaɗai, a tambaye shi sunansa da unguwarsu har jikinsa ya saki, sannan a nuna masa jimlolin. Idan ya karanta su ba tare da ya yi tuntuɓe fiye da sau biyu ko uku ba, a hau da shi labari, a yi masa tambaya ɗaya ko biyu a kan abin da ya karanta. Idan ya kasa, a sauko kalmomi, in ya kasa a sauko gaɓoɓi, har haruffa. A lura da idonsa da yatsansa. Yaron da ke kallon fuskarka yana jiran ka fara masa, ko wanda ya ga kifi ya ce kaza don farkonsu ɗaya, canka yake yi. Kada a taimaka masa, kada kuma a nuna masa ya faɗi. A ce madalla, a rubuta matakin da ya tsaya a gaban sunansa, a kira na gaba. Minti biyar ya ishi yaro ɗaya, don haka ɗalibai huɗu za su gama aji mai yara tamanin a wuni biyu ba tare da gaggawa ba. Takardar sakamakon a yi ta biyu, ɗaya ta zauna a ofishin hedimasta.

Da wannan takarda za a raba yaran gida uku: waɗanda ba su wuce harafi ba, waɗanda ke kan gaɓa da kalma, da masu karanta jimla da labari. Ɗan aji shida zai iya faɗowa rukuni ɗaya da ɗan aji uku, don haka kada a sa wa rukunonin sunan da zai kunyata kowa. A bar yaran su zaɓi sunan tsuntsu ko na itace. Ɗalibi ɗaya kada ya ɗauki fiye da yara ashirin, kuma zama ɗaya kada ya wuce awa guda. Mafi ƙwarewa a cikin ɗaliban shi za a ba rukunin farko, domin nan ne aikin yake. Abin farin ciki, rubutun Hausa na boko yana da sauƙin koyarwa ƙwarai: wasula biyar ne, kowane baƙi kusan sautinsa ɗaya ne a ko'ina, kuma yawancin gaɓoɓi baƙi ne da wasali. Sannan yaran nan ba baƙin wannan hanya ba ne. A makarantar allo sun san babbaƙu, sun san farfaru, sun san tattashiya, wato an riga an koya musu cewa harafi yana da suna, wasali yana ba shi murya, sannan a haɗa. Ɗalibi mai wayo zai gaya musu kai tsaye cewa abin da suke yi a gaban alaramma shi ne wannan, hannun rubutun ne kawai ya juya daga hagu zuwa dama. Ya yanka kwalin taliya ko na sabulu ƙanana ƙanana, ya rubuta gaɓa ɗaya a kowane, ya zube su a tabarma. Yaro ya ɗauki ma da sa da ra ya jera masara, wani ya zare sa ya ga ta koma mara, wani ya juya ya sami rama. Baƙi biyu ko uku sabbi sun isa a rana, kuma a fara da masu yawan fitowa irin su n, k, m, s, d, r, ba dole sai an bi jerin abacada ba. Kowane zama ya ƙare da rubutu, ko da a ƙasa ne da tsinke, domin hannun da ya zana harafi ba ya saurin mance shi.

Akwai wani abu da ɗalibin zai fara gyarawa a kansa. Da yawa daga cikin 'yan jami'a sun saba rubuta Hausa a waya yadda ta zo musu, babu lanƙwasa, babu raba kalma. Yaron da aka koya wa rubuta kafa a inda ake nufin ƙafa, ko baki a maimakon baƙi, ko gada a maimakon gaɗa, an cuce shi tun daga tushe. Kafin a fita, a nemi wani ɗalibin sashen harsunan Najeriya, ko malamin Hausa na sakandaren garin, ya zaunar da kowa wuni guda a kan ƙa'idojin rubutu: ɓ da ɗ da ƙ da 'y, tagwayen baƙaƙe irin su sh da ts da ky da gw, da raba ya je da ta zo da a kan. A Jami'ar Bayero akwai cibiyar binciken karatu da aka kafa a 2017 tare da Jami'ar Jihar Florida ta Amurka, kuma ƙungiyar da ta yi niyya da gaske za ta iya zuwa can neman shawara da samfurin kayan aiki.

To me yaran za su karanta, tunda littattafai sun yi ƙaranci? Nan ne fasaha take shigowa, kuma a ganina ita ce rabin aikin. Yaron Tudun Wada ya zo makaranta da tatsuniyoyi, da kacici-kacici, da waƙoƙin gaɗa da na tashe, ya san yadda ake dasa shinkafa da yadda ake sussukar masara. Ɗalibi ya ce wata yarinya ta ba da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, shi kuma yana rubutawa a allo da kalmominta, jimla gajera bayan jimla gajera. Idan ta gama a karanta tare, yana bin kowace kalma da sanda, sannan ya ce wa wani, zo ka nuna mana inda aka rubuta Gizo, sau nawa ya fito? Yaran sun san labarin, saboda haka hankalinsu duka yana kan yadda magana ta koma rubutu. Washegari a raba takarda, kowa ya zana wani yanki na labarin ya rubuta jimla ɗaya a ƙasa, a haɗa shafukan a ɗinke da zare da allura, a rubuta sunayen marubutan a bango. Cikin mako shida rukuni ɗaya zai iya yin littafi goma, kuma ba a rasa mai son ɗaukar nasa ya kai gida ya karanta wa kakarsa. Haka aikin hannu. Yaran ƙauye sun iya ƙera mota da karan dawa, sun iya gina shanu da tukwane da yumɓu, 'yan mata sun iya zanen lalle da saƙar faifai. Wanda ya ƙera mota ya tsaya ya bayyana wa 'yan'uwansa yadda ya yi ta, da farko kaza, sannan kaza, a rubuta matakan, a manna wa kowane sashe sunansa. Masu rukunin labari su mayar da tatsuniya wasan kwaikwayo, su rubuta abin da kowa zai faɗa, su yi ta maimaitawa har karatun ya zama da gudu da murya mai rai. Idan an sami Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, ko Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, ɗalibi ya riƙa karanta musu shafi biyu a ƙarshen zama, ya tsaya a daidai inda labari ya yi daɗi.

Ƙorafin da za a fara ji daga iyaye shi ne: mun kawo yaro ya koyi Turanci, ana koya masa Hausar da ya iya. Damuwarsu gaskiya ce, domin da Turanci ake jarrabawar shiga sakandare, kuma gwamnatin tarayya da kanta tana ta kai-kawo a kan batun: a 2022 ta amince a koyar da harshen uwa har aji shida, a ƙarshen 2025 kuma ta sanar da janye hakan. Amma abin da ɗalibi yake koyarwa a wannan awa ɗaya shi ne yadda ake karatu, kuma sau ɗaya ake koyon wannan a rayuwa. Yaron da aka ba kalmar Turanci yana fama da abu biyu a lokaci guda, harafin da bai sani ba da ma'anar da bai sani ba, ga shi rubutun Turanci ba ya bin sauti yadda na Hausa yake bi. Idan ya haɗa ma da sa da ra ya ji masara ta fito daga bakinsa, shi da kansa ya san ya yi daidai. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida ana ba su Turanci a matsayin darasi, ya nuna ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. KaLMA ma da harshe biyu ta bi wajen koyar da Turanci, ana dogara da Hausar da yaro ya sani. Don haka kada a yi jayayya da uba a kan wannan. A ware minti goma na ƙarshe don Turancin baka, gaisuwa da sunayen abubuwa da gajerun jimloli, kuma duk yaron da ya kai matakin labari a Hausa a fara masa karatun Turanci nan take.

Wani zai ce ɗalibin da bai taɓa koyarwa ba zai ɓata yara ne kawai. Da an ce ya riƙe aji ya koyar da manhaja duka, da na yarda da wannan. Aikin da ake ba shi ƙunƙuntacce ne, kuma akwai shaida a kansa. A biranen Mumbai da Vadodara na Indiya, Pratham ta ɗauki 'yan mata masu ilimin sakandare daga unguwanni, ta ba su horon mako biyu, suka riƙa zama da yaran da aka bari a baya awa biyu kullum. Binciken da Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu suka wallafa a 2007 ya nuna yaran sun ci gaba, kuma mafi rauni su suka fi amfana. Ɗan aji uku a jami'a ba zai gaza waɗannan 'yan mata ba, in dai ya yarda a koya masa. Sharaɗin shi ne horon ya zama na yi, kowa ya gwada yara na gaske a gaban 'yan'uwansa a gyara masa. Akwai kuma masu cewa wannan ɗauke wa gwamnati nauyi ne. Nauyin ɗaukar malamai da gina azuzuwa yana nan a wuyanta, babu ɗalibin da zai sauke shi. Sai dai ƙungiyar da ke riƙe da takarda mai nuna yara nawa ne a aji biyar na makaranta kaza ba su san harafi ba, ta fi ƙarfin magana a gaban shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa fiye da mai ƙorafi da baki kawai.

A kudancin Kano ba kowane yaro ne Hausa take harshen gidansu ba. Akwai 'ya'yan Fulani a rugage da gefen daji, akwai Kurama a wajen Doguwa da Tudun Wada. Yawancinsu suna jin Hausa, amma wanda ya yi shiru a gwaji wataƙila kalmomin ne baƙi gare shi. A sami ɗalibi ko babban yaro mai jin harshensa ya zauna kusa, a bar shi ya ba da labarinsa da harshen gida kafin a mayar da shi Hausa, kuma misalan da ake bayarwa su haɗa da saniya da nono da mashekari.

Abin da ya fi kashe irin wannan aiki shi ne rashin ɗorewa. Zuwa sau ɗaya da ɗaukar hoto da raba fensir ba ya koya wa kowa karatu. Gara kwana huɗu a mako na tsawon mako shida a makaranta ɗaya da a zaga makarantu goma. Hutun jami'a ba kasafai yake dacewa da zangon firamare ba, don haka a duba kalandar biyu tun da wuri. Idan firamare tana hutu, a roƙi hedimasta aji ɗaya da safe, ko a yi a zauren mai unguwa. Masu zuwa koyarwar gwaji, wadda ɗalibai ke kira TP, su suka fi kowa dama, domin suna da makonni a jere, kuma za su iya neman a tura su makarantun garinsu. Lokacin yajin aiki ma dama ce. A 2022 ɗaliban jami'o'in gwamnati sun yi wata takwas a gida. A kauce wa ranar kasuwa, da lokacin shuka da na girbi inda yara ke gona, da sa'o'in Islamiyya da makarantar allo, don kada a sa iyaye zaɓi tsakanin karatu biyu. Kowa ya yi aiki a inda zai iya zuwa da ƙafa ko da keke, wanda ke Doguwa kada a ɗora masa bin hanyar Falgore da yamma. Babu duka, babu zagi, babu aiken yara. Namiji kada ya keɓe da yarinya, a zauna a fili inda kowa ke gani, kuma a yi ƙoƙari a sami ɗalibai mata a kowace tawaga, domin iyaye sun fi sakin manyan 'yan mata idan mace ce za ta koyar. Hoton yaro kuma ba a sa shi a Facebook ba da izinin iyayensa ba.

A makon ƙarshe a sake gwajin, da sabbin kalmomi da sabon labari masu nauyi daidai da na farko, kuma ɗalibin da ya koyar da rukuni kada ya gwada nasa, a yi musaya. A rubuta sabon matakin kusa da tsohon. Wasu za su haura mataki biyu, wasu ɗaya, wasu ba za su motsa ba, kuma waɗannan na ƙarshe a duba su da kyau: wani ba ya gani sosai, wani kunnensa ne, wani fashi ya yi masa yawa, sai a gaya wa iyayensa a asirce. Sannan a kira iyaye da malamai da 'yan kwamiti, yara su yi wasan kwaikwayonsu, su karanta littattafan da suka ɗinka. Katunan gaɓoɓi da littattafan da takardar sakamako a zuba su a akwati a damƙa wa malamin aji a gaban hedimasta, tare da sunan ɗalibin da zai jagoranci zuwa na gaba da watan da za a dawo. Kwafi ɗaya na sakamakon ya tafi ofishin sakataren ilimi, ɗaya ya zauna a hannun sakataren ƙungiya, domin shugabannin ɗalibai suna sauyawa duk shekara kuma waɗanda za su gaje su suna bukatar sanin yaron da aka bari a kan gaɓa da wanda ya fara labari.